Kada Ku Raba Tukunya a Kumasi

Da sunan Allah. Ni Tsahara, matar marigayi Abarshi mai albasa, ina wannan rubutu a Birnin Konni da cikakken hankalina, ko da yake jiki ya ƙi. Zuwa ga 'ya'yana Zaidu da Nafisa, da Rashida matar Zaidu.

Saura kwana tara ku tafi hutun lakwal, wato makarantar yara, Kumasi, gidan da ubanku ya bari. Likita ya hana ni hawa mota, kuma na ji a jikina ba lalle ku tarar da ni ba. Na kasa zama wuri guda. Yau sau uku ina leƙa ɗakin ajiya.

1. Kada ku fasa tafiyar saboda ni. Jikokina sun shekara suna jiranta.

2. Ku ɗauki buhun gero daga gonarmu ta Bazaga, da wake tiya goma, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji da albasa. Kada wanda ya sayi albasa a can, tamu ce ake kai musu ta yi tsada. Abin saye tumatir ne da kifi da gawayi. Ku shiga kasuwa bayan la'asar, lokacin da masu kifi ke ƙosawa su tashi. Haka na riƙa ciyar da ku wata guda ba wanda ya ji yunwa.

3. Wannan shi ke hana ni sukuni. Bara a Kumasi, Nafisa, kin shiga babban kanti kin kwaso kajin ƙanƙara da kayan gwangwani, kuɗin cefanen wata suka ƙare a kwana goma sha takwas. Rashida, ke kuma kika ce mata gaban yara ba ta san zafin nema ba. Daga ranar kuka raba tukunya, wuta biyu a gida ɗaya, kashin kuɗi ya ƙaru. Na ga Yasmin 'yar Nafisa tsaye tana kallon 'yan'uwanta na cin tuwo, ta kasa sa hannu. Ban tsawata muku ba, laifina ke nan. Ku nemi gafarar juna a gabana kafin ku shiga mota.

4. Rashida ta riƙe kuɗin cefane, ta fi iya ciniki. Nafisa ta riƙe murhu, ta fi hannun miya, babbar tukunyata ma na ba ta. Zaidu, kada ka shiga tsakaninsu. Gida da gona malamai su raba yadda shari'a ta ce.

5. In labarina ya same ku a can, ƙanena Chindo zai kai ni makwancina. Kada ku taso a gigice ku bar hatsi ya lalace. Ku dafa abin da ya rage, ku kira maƙwabta na zango su ci, sadakata ce.

Allah ya yi muku albarka, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku a mota ɗaya. Ku riƙe juna. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini.