Wa Ya Fara Turo Manhajar Nan?

Kontagora, daren Laraba

Wai wa ya fara turo manhajar nan ne? Tun la'asar nake tambaya, kowa sai ya nuna na bayansa.

Mu a shagon cajin Ayuba ba kowa ke sauke manhaja daga tushe ba, saboda data. Mutum ɗaya ya sauke, saura a tura musu waya zuwa waya. Haka wannan ta zo mana. Aka ce ka bar ta a kunne, mutanen Iran da gwamnati ta toshe wa intanet za su bi ta layinka ba a gan su ba. Har kwana nake da ita a kunne.

Yau na karanta cewa manhajar ta gaskiya ba ruwanta da lambobin da ke wayarka ko inda kake. Tamu kuwa duka ta nema. Na nuna wa Ayuba, ya ce, "Kai dai da karance-karancenka, Farfesa! Bala ne ya ba ni." Na tambayi Bala ɗan acaɓa, ya ce abokin yayansa ne ya ba shi. Wane aboki? Sai ya tayar da babur, wai fasinja na jira.

To idan an cusa mata abin leƙen masu wucewa fa? Wata baiwar Allah can ta amince da layina, ta rubuta abin da zai sa a ɗaure ta, da hannuna a ciki?

Na goge tawa. Bala, gobe a gaban kowa za ka faɗi sunan mutumin nan, ba a kunnena ba.