Baba, Takardunka Suna Ƙarƙashin Kogi

Zuwa ga mahaifina, Malam Isufu malamin tarihi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Shekara guda ke nan da muka kai ka makwancinka, sai yau na iya ɗaukar alƙalami.

Ka tuna Garba makanike, jagoran sandika, wato ƙungiyar ma'aikatan gareji, wanda aka kama bayan yajin aiki, muna cikin murnar samun 'yanci? Daga kaso, gidan yari, ba a sake ganinsa ba. Ka yi shekaru kana bin abokan aikinsa gida-gida a kan kekenka, daga unguwar Maourey har Yantala, kana rubuta abin da suka sani. Kullum kana cewa, "Wanda ba a rubuta ba, sau biyu yake mutuwa."

Ba ka taɓa gaya mana cewa da ajami ka rubuta labarin ba, kowane shafi da Bismillah a kansa. Dabararka ta ci. Ranar da jandarmomi suka birkice gidanmu sun kwashe duk wata takardar Faransanci, adakar da ka ajiye rubutun kuwa suka buɗe, suka ga kamar addu'o'i, suka rufe.

Mu ma haka muka gani, Baba.

Bayan sadakar arba'in Inna ta ga ɓera ya fara cin gefen takardun. Kawu ya ce takarda mai sunan Allah ba a barinta a wulaƙance. Ni ɗan lakwal, ɗan bokon da kake alfahari da shi, ban iya karanta ko layi ɗaya ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Ni na naɗe su a farin ƙyalle, na ɗaura dutse, na shiga kwalekwale a Yantala na sake su a tsakiyar ruwa. Har daɗi na ji, wai na girmama ka.

Watan jiya Hajo, matar Garba, ta zo da sandarta, idonta ya kusa tafiya. Ta ce ka taɓa gaya mata ka samo mutumin da ya haƙa kabarin mijinta, ka rubuta wurin, ka ce ta yi haƙuri sai ƙura ta lafa. Mutumin ya rasu, kai ma ka tafi. Ita ba tarihi take nema ba, so take ta tsaya a kan kabarin ta yi masa addu'a kafin nata ya zo.

A nan na gane abin da na nutsar a kogi. Na ce mata zan duba. Wallahi kunya ta kashe ni. Na fara koyon ajami, amma me zan karanta?

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ji ƙan Garba a duk inda aka ajiye shi. Ka yafe mini, Baba. Kowace Juma'a Hajo na zuwa, ta zauna a zaure ta tambaye ni ko na gani, ni kuma in ce ina kan dubawa.

Ɗanka,
Mamman