Ƙarfen da Na Ɗaura wa Gugar Mutane

Zuwa ga Alhaji mai gidan tsohon ƙarfe na hanyar Dogarawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ni ne Malam Idi maƙeri, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana sayen ƙarfe a hannunka. Sau uku na zo ƙofarka aka ce kana hutawa, shi ya sa na fito fili.

Na farko: damina biyu da suka wuce, motarka ta zo daga arewa da tarkacen motocin yaƙi. A ciki akwai wasu ƙarafa kamar yatsa, masu nauyin da ya fi jikinsu. Da bakinka ka ce min alheri ne. Ƙanena Sani ne ya yi ta goga su yana huda su, ƙurar tana shiga hancinsa, muna mamakin irin tartsatsin da suke yi.

Na biyu: wani tsohon soja da ya zo gyaran gatari ya gan su, ya ja da baya. Ya ce kan harsashi ne na wani ƙarfe wai shi uraniyom, wanda ake fasa tankar yaƙi da shi, kuma ƙurarsa guba ce. Yau Sani yana kwance, ƙafafu a kumbure, likita ya ce ƙoda ce. Ban ce kai ka kwantar da shi ba, Allah ne masani. Amma tsoro ya hana ni sukuni.

Na uku, wanda ya fi ci min rai: ƙarafan nan ni na ɗaura wa gugar mutane don ta riƙa nutsewa da sauri. Makiyaya sun saya, matan garin Alela sun saya, har yabona ake yi. Na bi gida gida ina kwancewa, ina ba da haƙuri.

Roƙona, ka faɗi inda kayan suka fito, ka daina sayar da sauran, ka kira masana su auna filinka da rijiyoyinmu. Ka yi haka tun kafin a tilasta maka. Allah Ya tsare zuriyarka daga abin da muke gani.

Guda biyu daga cikin ƙarafan da na ɗaura ban same su ba. Igiya ta tsinke da su, suna ƙasan rijiyar unguwarmu, kuma ruwanta muka sha yau da safe.

Wassalam.

Malam Idi Maƙeri, Malbaza