Na Goge Allon Hasashen Ƙwallo

Laraba da dare, Dutsin-Ma

Barci ya ƙi zuwa. Yau na goge allon hasashen ƙwallo da hannuna, tun la'asar raina bai kwanta ba.

Ni na kawo wasan nan injin shinkafarmu don ma'aikata su saki jiki da juna. Sai da na tambayi lauyan Alhaji mai kamfanin, ya ce muddin ba mai sa ko sisi, kuma kyautar daga kamfani take, ba caca ba ce. Wanda hasashensa ya fi dacewa a wata ya ɗauki ƙaramin buhun shinkafa.

Ashe ma'aikata biyu, Sunday da Lawal direba, suna ɗora kuɗi a bayan sito. Malam Sani mai awo ya gan su, ya same ni ofis. "Hajiya, ni ba zan nemi abinci inda ake caca ba." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙona ni. Ban tsaya tunani ba na ɗauki tsumma.

Da zan fita, Baba maigadi, mutumin ƙauyen Tamawa, ya tare ni a ƙofa. Shekara biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da mutane, sai da wasan nan ya zo. Ya ce a hankali, "Hajiya, ni fa ban sa kuɗi ba. Kuma ni ne na ɗaya."

Mutum biyu suka yi laifi, na hukunta kowa. Gobe su biyun zan kira su kaɗai, sannan in mayar da allon. Allah ya sa Baba ya riƙe makinsa a ka, don ni ban rubuta a ko'ina ba.