Ɗanka Yana Jifa da Azumi a Bakinsa

Assalamu alaikum, Maigida.

Ina gaishe ka kamar yadda na saba, ko da yake na san ba za ka amsa ba, kuma wannan takarda ba za ta taɓa zuwa hannunka ba. Ni da na bar makarantar lakwal tun ban iya rubutun kirki ba, me ya kai ni wasiƙa? Sai dai tun da aka kawo ni gidanka ban taɓa yanke wata babbar magana ban faɗa maka ba. Yau na yanke ɗaya.

Bari in fara daga ranar, domin kai ba ka san yadda ta zo mana ba. Ina tsaye a tagar kicin ina wanke shinkafa na ga motarka ta shigo layinmu. Na ce a raina yau ka dawo da wuri. Sai na ga ta tsaya a karkace, taya ɗaya a kan ciyawar maƙwabta. Ba ka taɓa ajiye mota haka ba, kuma ba ka taɓa ba wa kowa makullinta ba. Abokin aikinka Alhaji Isuhu ne ya fito daga mazaunin direba, matarsa ta fito ta ɗaya gefen. Kafin su ƙwanƙwasa ƙofa na riga na sani. Daga baya suka ce a wurin da ku 'yan tasi kuke jiran fasinja ne a filin jirgin Dulles. Layi ya motsa, motarka ba ta motsa ba, aka yi ta danna maka ham. Likita ya ce zuciya ce.

Babban ɗanka yana Florida a lokacin, bai daɗe da sauka ba. Ka tuna murnar da ka yi da aka ce bana babbar ƙungiyar besbol, wasan nan na jifan ƙwallo da buga ta da sanda, ta gayyace shi atisayen share fage, bayan shekarun da ya yi yana yawo cikin bas da ƙananan ƙungiyoyi, a garuruwan da ko sunansu ban iya faɗa ba? Rabi ce ta kira yayan nata. Ya samu jirgi, aka soke tashinsa saboda dusar ƙanƙara, ya shiga neman wani. Washegari da hantsi Alhaji ya turo matarsa ta tambaye ni, wai ba a barin mamaci yana jira, amma maganar a hannuna take. Na ce a kai ka. Ɗanka ya iso da yamma an riga an rufe ƙasa. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba. Bayan addu'ar uku abokanka suka taru a kansa, suka ce abin da za ka fi so shi ne ya koma, suka raka shi filin jirgi.

Gida lafiya lau. Rabi ta koma makarantarta ta jinya. Ni ina takaba, ba na fita ko'ina. An ga wata, an kama azumi, ga mu yanzu cikin goman ƙarshe. Falonka bai mutu ba. Alhaji Isuhu da Malam Garba na gidan rediyo sun riƙa zuwa da matansu mu sha ruwa tare, shi Malam Garba tun daga Alexandria cikin cunkoson nan. Mu mata muna kicin, su suna falo, Rabi ta kunna musu wasan da aka yi da rana su kalla kafin su tafi asham. Kujerarka dai babu mai zama.

Ga yadda maganar take, kamar yadda na tsinta ta bakin ƙofa. Nan da 'yan kwanaki za a buɗe kakar wasa, kafin nan kuma ƙungiya za ta fitar da sunayen waɗanda za ta tafi da su. An yi ta sallamar yara kashi-kashi, ɗanka yana nan ba a sallame shi ba. A cikin masu jifa, irin waɗanda ake kira idan na farko ya gaji, gurbi ɗaya ya rage, kuma su biyu ne a kai. Shi da wani bahago da ya girme shi, wanda ya daɗe a harkar. Malam Garba ya ce shekarun ɗanka sun kai inda ba a cika sake gayyatar mutum ba. In bai shiga bana ba, sai bas kuma, ko gida. Bahagon nan an nuna matarsa a wurin 'yan kallo da jariri a kafaɗa. Tun daga ranar na kasa yi masa mugun fata, ko a zuci.

Da ya koma, farko abin gwanin sha'awa. Yana jifa masu bugu suna kaɗa sanda a iska, Alhaji yana miƙewa tsaye yana kabbara kamar an yi masa haihuwa. Daga baya lambar nan da ke fitowa a gefen talabijin, mai nuna gudun ƙwallo, ta fara sauka. Aka koma buga masa ƙwallo tana tafiya nesa. Malam Garba yakan karanta musu abin da magoya baya ke rubutawa a waya. Wasu sun ce kafaɗarsa ce ta lalace yana ɓoyewa. Wasu sun ce dama nan ba ajinsa ba ne, a ba wa bahagon a huta. Wani kuma ya rubuta cewa atisaye ba ya nuna komai, a daina tayar da hankali. Alhaji ya ce wannan shi kaɗai ne mai hankali a duk Amurka. Malam Garba ya ce ai a wurin Badamagare irin Alhaji duk wanda ya faɗi abin da yake son ji malami ne.

Ni ban san lamba ba. Wata rana na kai musu kunu, daidai lokacin aka nuno rumfar da 'yan wasa ke zama. Kowa bakinsa na motsi, wannan na taunar cingam, wancan na kurɓar ruwa. Wani ya miƙa wa ɗanka kofi, ya ɗaga hannu ya ƙi karɓa. Leɓensa ya bushe ya yi fari, wuyansa ya zama siriri cikin riga. Ban san lokacin da na ce yaron nan azumi yake yi ba. Duka suka juyo suna kallona.

Kai ka san yadda kuka saba. Duk shekarar da azumi ya faɗo cikin wasa, kai kake magana da shi a mota da Turancinku, kuma na san ranar da zai yi jifa yakan sha, ya rama lokacin sanyi. Ka ce mini ka tambayi malami, ban bi diddigi ba. Rabi ta matsa masa a waya har ya faɗa. Bana bai sha ko ɗaya ba, kuma ba shi da niyyar sha. Wai bai wanke ka ba, bai sallace ka ba, bai ɗauki makararka ba, yana can yana wasa. Wannan kaɗai ya rage da zai iya yi maka. Ko kocinsa bai gaya wa ba, wai kada a ce yana neman uzuri.

Nan fa falonka ya kama da wuta. Malam Garba ya ce yaro matafiyi ne, Allah ya yi masa sauƙi, a kira shi yanzu a ce ya sha. Alhaji ya ce mutumin da ya yi makonni a gari ɗaya, da ɗakinsa da gadonsa, wane irin matafiyi ne? Wai yaro ya kama hanyar Allah, a bar shi, in gurbin rabonsa ne babu bahagon da zai ƙwace. Malam Garba ya kira shi muftin filin jirgi. Alhaji ya ce Bakano ko azumi aka taya da daraja sai ya sallama. Irin wasanku ne na Kanawa da Damagarawa, amma wannan karon babu wanda ya yi dariya. Can sai Malam Garba ya ce ai gaggawar Alhaji wajen binne uban ce ta jefa yaron cikin wannan hali. Alhaji ya sa takalmansa ya fita, kununsa ko rabi bai sha ba. Bai sake zuwa ba. Ina kicin ina jin su, na san ba Alhaji ne ya yanke ba, ni ce, amma ban fito na wanke shi ba.

Na tura Rabi wurin liman. Ya ce ranar da ƙungiyar ɗanka ta yi doguwar tafiya zuwa wani gari, wannan hukuncin matafiyi ne. Sauran ranaku yaron ya kwana da niyya, in ya ji zai cutu ya sha ya rama. Ya ce kuma ba a yi wa uba biyayya da cutar da jiki, amma shi ba zai yanke wa wanda bai gani ba. Rabi ta isar da saƙo. Ɗanka ya ce ya ji.

Jiya aka sake saka shi. Yana tsakiyar jifa ya sunkuya, ya dafa gwiwoyinsa, ya daɗe a haka. Koci ya fito da gudu da wani mai duba lafiyarsu. Ɗanka ya miƙe ya yi musu alama da hannu cewa ba komai, ya ƙarasa da ƙyar. Matar Malam Garba ta riƙe mini hannu. Yanzu ba gurbin kaɗai nake tsoro ba. In ya faɗi a filin nan, wa zai ɗaga shi? An ce gobe za a ba shi damar ƙarshe, daga nan sai sunaye. Na sa Rabi ta duba ko wasan na tafiya ne, ta ce a filinsu za a yi.

Maigida, ka san ni da shi. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukar waya na neme shi ba. In ina son ya sa rigar sanyi, kai nake gaya wa. Hausarsa ta ji ce kawai, Turancina kuma bai wuce na kanti ba. A gida kowa ya san wannan kunya ce. A nan fa? Ka taɓa yi masa bayani, ko ya girma yana zaton ba na son sa ne? Me ya sa ban taɓa tambayarka ba?

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Na sha ce maka wasan nan ba sana'a ba ce, ka bar yaro ya yi karatu. Amma duk Asabar ɗin da kuka kama hanyar filin wasa na Woodbridge tun da duku-duku, motarku na fita nake shimfiɗa sallaya, ba na naɗe ta sai na ƙiyasta an tashi. Ranakun da kuka ja ni na ce zan zauna a mota saboda rana, ba barci nake yi ba. Na san yadda yake taɓa bakin hularsa kafin ya yi jifa, na san in ya karkata kai hagu ransa a ɓace yake. Na bar ka kana zaton kai kaɗai ne ɗan kallonsa a gidan nan, domin na ga hakan yana yi maka daɗi.

Yau bayan la'asar na karɓi wayar Rabi, na ce ta danna mini lambarsa ta fita. Yana jin muryata ya ruɗe, ya hau tambaya ko Rabi lafiya, ko wani ne ya sake rasuwa. Ka ga inda muka kai? Uwa ta kira ɗanta, abin da ya fara zo masa mutuwa.

Na ce masa kowa lafiya. Na yi magana a hankali da Hausa don kada wata kalma ta wuce shi. Na ce ba shi ya ƙi zuwa jana'izarka ba. An tambaye ni ko a jira shi, ni na ce a kai ka, kuma ko yau aka sake tambayata ban san me zan ce ba. In yana neman wanda zai riƙe a zuciya, ga ni, ya saki kansa. Na ce gobe ya ci ya sha kafin ya shiga fili, ya rama bayan salla, ni ma zan taya shi ramawa. Na ce in akwai laifi a cikin wannan, a wuyana yake, ni na umarce shi. Ban ce kai ka ce ba. Ban so in yi maka ƙarya kana kwance.

Ina jin numfashinsa, ina jin hayaniyar abokansa daga nesa. Na zaci zai amsa da Turanci in kira Rabi ta fassara. Sai ya ce to, da Hausa, ya tambayi yadda nake ji da azumi, muka yi sallama.

Tun da na ajiye wayar nake juyayi. Na taɓa azumin ɗana a goman ƙarshe, ni da ba malama ba. Saboda lafiyarsa na yi, ko saboda ina son in ji an kira shi ranar buɗe kaka? Na bincika zuciyata na tarar da duka biyun a ciki. Da kai ne, haka za ka yi? Ko da kana nan ma ba za a kai ga wannan ba?

Har yanzu ban aika wa Alhaji Isuhu in wanke shi a gaban Malam Garba ba. Sunaye ba su fito ba. Ɗanka ya ce to, amma bai ce zai sha ba, ni kuma ban iya tambayarsa ba.

Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa ka huta da jiran layi. Sai mun zo.

Matarka,
Zainabu, maman Rabi