Tsarabar Yaya Kulu

Asabar, 29 ga Mayu, 1999. Ƙofar Marusa.
Rediyo sai kiɗa take, wai soja sun miƙa mulki. Allah ya sa alheri. Ni dai ina ta ɗaurin kaya: kanwa, gero, daddawa, yaji. 'Yar Kulu ta haihu shekaranjiya a tsibirin Morishas, inda mijinta Malam Ɗanjuma yake koyarwa, za ni wankan jego. Ɗiyata ce ta fari, ba na faɗin sunanta, kuma tun yaye Yaya Kulu ta ɗauke ta, shi ya sa kowa ke kiranta haka.

Na je sallama Kambarawa, unguwar su Yaya. Yaya ta ce ita ta yi riƙo, ita ya kamata ta je. Na ce ni ke da fasfo tun na Hajji, kuma ai ni na haifa. Wannan ta ƙarshen, da na sani da ban faɗa ba. Ta juya mani baya. To ni ma na juya. Tsaraba kuwa ko allura ba ta gani.

Alhamis, 3 ga Yuni.
Jirgi uku! Ƙafafuna sun yi suntum. Na iso ana raɗin suna: Hauwa'u, wato Kulu. Na ce Allah ya raya.

Lahadi, 13 ga Yuni.
Akwai bedi a nan, dogon yaron da muke wankan jego da ganyensa, har bayan gida. Da risho mai gas nake dafa ruwan wanka, ba itace. Maƙwabciya Ba'indiya ta leƙo ta ga tururi, ta riƙe kai, ta ɗauka dafa yarinyar nake.

Talata, 22 ga Yuni.
Na dama kunun kanwa, ta kurɓa ta ce, "Na Inna ya fi kauri." Inna wai Yaya. Na ce to ta aiko maki ta gidan waya.

Talata, 6 ga Yuli.
An yi arba'in lafiya. Malam Ɗanjuma ya ce, "Hajiya, kin sha aiki, saura yawon buɗe ido." Na ce idona a buɗe yake, amma a je.

Juma'a, 9 ga Yuli.
Ashe akwai Musulmi jingim! Masallacinsu fari tas, ƙofofi duk sassaƙa. Ko'ina rake, gona bayan gona, har gindin duwatsu. Ɗan tsibirin da surukina ya ce a yini ɗaya mota za ta zagaye shi, amma da tutarsu da komai nasu. Ikon Allah.

Asabar, 10 ga Yuli.
Yau na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo. An kai ni wani wuri inda ƙasa ke da launi bakwai, ja, shuɗi-shuɗi, ruwan ƙasa, kamar an shanya atamfa. Na gaji na nemi wurin zama, na ga dutse na ɗosana. Dutse ya tashi ya fara tafiya da ni! Kunkuru ne, ya kai turmi uku. Na zunduma salati, Turawa suna ta ɗaukata hoto. 'Yar Kulu har da hawaye. Ta ce, "Da Inna na nan yau da mun shiga uku da tsiya." Gaskiya ne, da har in mutu tana ce mani mai dokin kunkuru. Na juya in faɗa wa Yaya wani abu, sai na tuna ba ta nan.

Lahadi, 11 ga Yuli.
Teku. Na taɓa hango ta daga jirgi a Jidda, amma yau na sa ƙafa. Yashi fari kamar garin tuwo. Sun lallashe ni na shiga kwalekwale mai gindin gilashi, kifaye ja da ɗorawa suna yawo ƙarƙashin takalmina. Ayatul Kursiyyu ba ta bar bakina ba, amma wallahi na ji daɗi.

Na ɗanɗana ruwan. Gishiri zalla! Tun muna yara Yaya ke musu, wai ƙaryar matafiya ce, "To wa ya zuba gishirin?" Na cika 'yar jarka. Ba tsaraba ba ce. Ƙure ta zan yi.

Laraba, 14 ga Yuli.
Kasuwar babban birni. Ba Hausa, ba Turancin kirki, da yatsu muka yi ciniki, kuma ban bari an cuce ni ba, Bakatsiniya ce ni. Ganyen shayi mai ƙamshi na matan unguwa, kwanduna masu launi, kanumfari, ɗan jirgin ruwa na katako na ado. Wani mayafi shuɗi mai laushi ya tsare mani ido. Irin launin Yaya ne. Na ajiye, na wuce, na dawo. Na saya, na ce wa 'Yar Kulu ni zan yafa. Ta yi murmushi, ta san shuɗi bai karɓata.

Asabar, 17 ga Yuli.
Jaririya in ta ɓata rai, goshin Yaya sak. Wa zan gaya wa?

Alhamis, 22 ga Yuli. Katsina.
Gida! An yi ruwa, gari ya yi kore. 'Yan sannu da zuwa sun cika tsakar gida, na ba da labarin kunkuru ya fi sau goma. Yaya ba ta zo ba.

Asabar, 24 ga Yuli.
Na je Kambarawa, don saƙon hotuna da aka ba ni kawai. Na yi sallama, ta amsa a ciki-ciki. Na dire jaka da jarka gabanta na zauna. Kowa na jiran wani ya fara. Ta dubi jarkar nan, irin wadda na kawo mata daga Makka. Sai ta ɗauko ɗan kofi ta tsiyaya, ta miƙe da ƙyar ta fuskanci alƙibla. Ashe zamzam ta ɗauka! Ina gani, girman kai ya riƙe mani baki, sai da kofi ya kai leɓe na ce, "Yaya, kada ki sha!"

Ta riga ta kurɓa. Ta fesar, ido ya yi ja. "Tani! Mi na yi maki za ki kashe ni?"

Na ce, "Teku ce. To wa ya zuba gishirin?"

Ta tsaya, ta sake lasa da yatsa. "Ashe hwa da gaske ne." Sai dariya, mu duka, har muka zube kan tabarma. Da ta ga hoton takwararta dariyar ta koma kuka. Na ce mata kununa bai kai nata ba, ɗiyarta ce ta faɗa. Ta ce, "Ɗiyarmu dai." Mayafin ya yi mata kyau. Labarin kunkuru kuma na yi kuskuren ba ta.

Litinin, 26 ga Yuli.
Ban ba ta haƙuri ba, kada wani ya ce na ba ta. Yau dai na raka ta ɗaukar hoton fasfo, tunda sun ce da yaye za su so baƙuwa. Hanyata ce dama.