Gajerun Tumatir na Auta

Daga Shugaban Ƙungiyar Manoman Lambu
Zuwa ga Mai Kula da Gidan Raino

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya.

Na rubuto miki wannan takarda ne a matsayin shugaba, ba a matsayin kawunki ba, saboda haka ki karanta ta da wannan idon.

'Yan kwamiti sun zagaya gidan raino sun ga irin tumatir ɗin da za a raba wa mambobi. Tsiron da ya kamata a ce ya kai taƙi, bai wuce tsawon yatsa ba. Kin faɗa musu da bakinki cewa kin fesa masa wani sinadari mai hana shi tsawo. Maganar ta fita gari, har mata na cewa duk yaron da ya ci wannan tumatir ba zai girma ba.

Kwamiti ya yanke shawara ki zubar da shi gaba ɗaya, ki sake shuka, ki koma ga maganin feshin da aka saba. Lokacin dashe ya matso, ba mu da sararin gwaje-gwaje.

Ki huta lafiya.
Shugaba


Zuwa ga Kawu

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Ka ce shugaba ne ya rubuto, amma rubutun hannun kawuna na gani, don haka shi zan ba amsa. Shugaba ya leƙa in yana so.

Kawu, kana nan bara. Da idonka ka ga yadda fumfuna ke kama tsiro a ƙafa, daidai inda kara ya taɓa ƙasa, wurin ya jiƙe ya sirance kamar zare, da safe a tarar da tsiron farantin raino guda ya kwanta. Maganin nan da ake cewa an saba, na fesa shi har kafaɗata ta yi kanta, bai hana mu kwashe rabin rumfar zuwa juji ba. Dogon tsiro yana burge ido, amma karansa ruwa ne. Shi cutar ta fi so.

Abin da na fesa bana, sinadarin daidaita girman tsiro ne. Ɗan mitsitsi ake sawa a ruwa, sau ɗaya, tun tsiron yana da ganye kaɗan. Yana rage masa gaggawar miƙewa sama, ƙarfin sai ya koma kara da saiwa. Ban ce yana kashe cutar ba. Na ce yana sa tsiro ya iya tsayawa in ta zo, muddin an wanke farantai, an ba shi iska, kuma ba a cika masa ruwa ba.

Tebur uku na yi, kowanne da ma'auninsa. Na bakin ƙofa shi na fi zuba wa, da gangan, don in ga iyakar abin, kuma ba na rabo ba ne. A nan 'yan kwamitinka suka tsaya. Ba wanda ya taka zuwa ciki, wai ƙasa ta jiƙe za ta ɓata musu takalma.

Ka zo ka ciro tsiro ɗaya ka dubi saiwarsa. In ka gani ka ce in zubar, sai mu yi magana. Amma a kan jita-jita, ba zan zubar da ko ganye ba.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka


Yayata ta kaina,

Salamu alaikum. Ya aikin asibiti, ya yaran? Na kira ki har na gaji, kullum wayarki tana cikin durowar ɗakin tiyata, shi ya sa na ɗauki biro.

An dakatar da ni. Ki zauna tukuna kafin ki ci gaba.

Kawu bai zo ya duba ba, taro ya kira. Na shiga da faranti biyu a hannu, nawa da na maƙwabtanmu da ba a fesa wa komai ba, na ɗora kan teburinsu, ƙasa ta zubo a kan takardun Sakatare. Na ciro tsiro ɗaya daga nawa na ɗaga musu, saiwa fara fat, cunkus kamar gemu. Ba wanda ya dubi saiwar, tsawon suke aunawa da yatsa.

Wata mata ta miƙe daga baya ta ce, "Malama, ki rantse in 'ya'yana suka ci ba abin da zai same su."

Na ce, "Baba, tun yana jariri ake fesa masa, tun kafin ya san zai yi fure, kuma daidai ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba. Na fari da ya nuna, ni zan fara ci a gabanki."

Har ta soma gyaɗa kai. Sai Sakatare ya gyara tabarau ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ko ke ma shi aka fesa miki kina yarinya?"

Yaya, ɗakin ya ɗauki dariya kamar zai tsage. Kin san ni da zancen tsawona. Na bari suka gama, sannan na ce, "In shi ne, to ka ga aikinsa. Ga ni tsaye a gabanku ni kaɗai, ban kwanta ba."

Kawu ko murmushi bai yi ba. Ya ce in ba kwamiti haƙuri in bi umarni. Na ce haƙurin me? Sai ya karanta takardar dakatarwa, wadda dama a buge take a aljihunsa, ya miƙo hannu in ba shi makullin gidan raino. Bai kalli fuskata ba.

Washegari suka sa aka fitar da farantaina aka jibge bayan katanga, rana na dukansu. Abin da aka yar ai ba na kowa ba ne. Na nemo mai baro muka yi ta jigila. Wasu sun karye, wasu sun kife, amma yawancin sun tsira. Da Umma ta gan mu a ƙofa, ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwance igiyar shanya, ta janye kujerun tsakar gida, ta ce, "A jera su ta nan, nan ne iska ta fi bi." Yanzu sai a karkace ake zuwa banɗaki a gidanmu.

Ki gaida mai gidan.
Autarki


Auta,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, yara suna gaida Anti mai tumatir.

Na karanta takardarki a ɗakin hutu, na yi dariya har wata nas ta leƙo. Sakatare ya samu daidai da shi. Amma bakin nan naki, Auta, tun kina rarrafe yake gaba da ke.

Bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba, matar Kawu ce ta gaya min. Lokacin da za a ɗauke ki aiki, kwamitin nan duka ba su so ba, sun ce Kawu ya kawo 'yar ƙanwarsa. Shi ya tsaya ya ce in kika kasa, a cire shi tare da ke. Sakatare kuwa kujerar yake so tun ba yau ba, kuma zaɓe na tafe. Ranar taron nan Kawu bai ci abinci ba. Ban ce ya kyauta ba, bai kyauta ba. Na dai ce ki san da wa kike faɗa.

Umma ta daina ɗaukar wayarsa. Ki yi mata magana, ɗan'uwanta ne.

Ni ban san komai game da tumatir ba, amma na san ma'auni, kullum da shi nake aiki. In kin tabbata da naki, kar ki saki. Ki dai sa safar hannu da takunkumi, na san halinki.

Yayarki


Yaya,

Salam. Na gode da takardarki. Na ji zancen Kawu, ya taɓa ni, amma bai canza min ra'ayi ba.

Ruwa ya sauko ba ƙaƙƙautawa, rana ta ɓuya, ko kayan wanki ba sa bushewa. Sabuwar shukar da suka yi a gidan raino ta tashi zar-zar, doguwa, kowa yana yabo. Sai ta soma kwanciya daga tsakiyar faranti. Mai gadi ya ce warin ruɓa har bakin titi. Wallahi ban ji daɗi ba. Rumfar nan ni na ɗinke ragarta da hannuna, kuma masu jiran irin nan ba su suka kore ni ba.

Nawa ma bai tsira duka ba, kar ki ji an ce. Layin da ke ƙarƙashin indararo ya kamu, na cire shi na ƙone. Na teburin bakin ƙofa kuwa ya ƙi motsi, yana nan zaune kamar an aike shi ya ƙi zuwa. Amma sauran suna tsaye, karansu kamar fensir, ganye kore shar.

Matar nan da ta ce in rantse, ita ta fara zuwa. Ta tsaya a ƙofa tana gyara mayafi, ta ce wai wucewa take yi. Umma ta ce, "Wucewa ta lungun da ba ya ɓullewa?" Ta shigo, ta tsuguna, ta ciro tsiro da kanta ta daɗe tana kallon saiwar. Sannan ta ce, "In na ɗauka, kar ki faɗa wa kowa."

Na ce a'a. Ba na ba da shi a ɓoye. Duk mai so ya shigo ta ƙofa da rana, ya zauna in nuna masa abin da na sa da yadda na auna, ya ga wanda ya lalace ma, sannan ya ɗauka. Ta tafi tana ƙunƙuni. Washegari da hantsi ta dawo da mata huɗu da kujerunsu.

Autarki


Zuwa ga 'yata

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki, ko da yake ba ta amsa gaisuwata kwanan nan.

Ba sai na faɗa miki halin da gidan raino yake ciki ba. Mambobi sun gyara filayensu, ba abin dasawa. Na zauna da kwamiti, na shawo kansu da ƙyar. Sun yarda ki dawo bakin aikinki, a mayar da farantanki cikin rumfa a raba wa jama'a.

Sharaɗi biyu ne. Ki rubuta layi biyu na ban haƙuri saboda ƙin bin umarni. Sannan wajen rabo a ce sabon nau'in iri ne gajere, kada a ambaci sinadari, don hankalin mutane ya kwanta.

Ki duba girmana, 'yata. Wannan ce hanyar da kowa zai fita ba kunya.

Kawunki


Zuwa ga Kawu

Wa alaikumus salam. Na isar da gaisuwarka, Umma ta ce tana amsawa. Ni na sa ta, kuma zan ci gaba da sa ta.

Na san abin da ka yi min lokacin ɗaukata aiki, na kuma gode. Saboda shi ne ma ba zan karɓi sharaɗin nan ba. Ba ka tsaya min don in zo in yi wa manoma ƙarya ba.

In na ce sabon iri ne, baɗi za su je kasuwa neman irin da babu shi. Wanda kuma ya ji ƙishin-ƙishin ɗin gaskiya zai sayo kwalba ya zuba da murfi, ba ma'auni, ya ƙone gonarsa, a ce ni ce. Ina da faranti guda da ke nuna abin da yawansa ke yi, kuma kowa sai ya gan shi kafin ya ɗauki tsiro. Mutanen nan ba yara ba ne. Waɗanda suka fi kowa tsoro su ne yanzu suke riƙe min sirinjin awo.

Ban haƙuri kuwa, in na ɗaga maka murya a gaban mutane, kai kawuna, ka yafe min. Amma kwamiti ba zai samu layi ko ɗaya daga gare ni ba. Su suka zubar da tsiro mai rai a rana.

Irin na mambobi ne, ba zan hana kowa ba, har Sakatare. Ƙofar gidan ƙanwarka a buɗe take kowace safiya. Sai dai duk wanda ya zo, zai zauna ya saurara tukuna. Aikin kuma ku riƙe abinku har ranar da za a kira ni a gaban taron da aka kore ni, a bar ni in gama maganar da na fara.

Allah ya ja kwana.
'Yarka


'Yata,

Salam. Na karanta wa kwamiti takardarki yadda take, ban tsallake komai ba. Ba su janye dakatarwar ba, ni ma ban roƙe su ba. Sakatare ya ce in zaɓa, ko ke ko kujera. Na ce masa ni manomi ne kafin in zama shugaba, kuma filina yana nan a gyare ba komai a ciki.

Gobe da safe zan zo. Ki ajiye min wuri a gaba, kunnena na hagu ba ya ji sosai. Kuma ki sani ina da tambayoyi, ba zan ɗauki ko tsiro ɗaya ba sai kin amsa su duka.

Kawunki